Yadda Ake Raya Waƙa a Situdiyo, Daga Ɗan Amshi Har Ta Shiga Memori

Yawancin waƙoƙi ba a situdiyo suke zuwa ba. Layi ɗaya ne yake faɗo wa mutum yana kan babur ko yana tsakiyar noma, ya yi ta nanata shi har ya zauna masa a baki. Wannan bayani na mai irin wannan layin ne, wanda zai shiga ƙaramin situdiyo irin na garuruwanmu, ko a Bichi yake ko Gaya ko Ringim ko Gumel, inda ɗaki ɗaya ne, makirfo ɗaya, wuta kuma ba tabbas. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne murya da kalmomi su ne a gaba, kiɗa yana bin su. Bahaushe magana yake saurare a waƙa. Duk matakin da ke ƙasa an jera shi ne don kada kiɗa ya danne maganar.

Kayan aiki

Laftof mai RAM gig 8 ta isa. Mai gig 4 ma za ta yi, sai dai tana fara sarƙewa idan layukan sauti suka yi yawa. Manhajar da aka fi samu a hannun masu kiɗanmu, wato masu haɗa kiɗa a kwamfuta, ita ce FL Studio ko Cubase. Wanda ba shi da su zai iya ɗaukar murya da Audacity, kyauta ce, ko ya fara tsara ra'ayinsa da BandLab a waya.

Sai saunkad, ɗan akwatin da yake tsakanin makirfo da kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer. A jikinsa akwai maɓalli da aka rubuta 48V. Makirfon situdiyo, wanda ake kira kondensa, ba ya aiki sai an danna shi. Sau da yawa sabon shiga yakan zaci makirfonsa ya mutu, alhali maɓallin nan ne bai danna ba. Kondensa yana da kunne sosai, har kukan akuya a bayan katanga yana ɗauka. Idan unguwarku akwai hayaniya, makirfon hannu mai kyau irin Shure SM58 ya fi maka, domin abin da ke kusa da bakinsa kawai yake kamawa da ƙarfi.

Kana buƙatar hedifon biyu masu rufe kunne ruf, ɗaya na mawaƙi ɗaya na mai kiɗa, da sandar makirfo, da wayar XLR mai lafiya wadda take haɗa makirfo da saunkad, da fiyano irin Yamaha PSR ko ƙaramin kibod da ake jonawa da kwamfuta. Akwai kuma zagayayyen yadin nan da ake sa wa a gaban makirfo don tare iskar baki. In babu shi, lanƙwasa waya ta zama zobe mai faɗin tafin hannu, ka ja siririn yadi mai shara-shara a kai, ka ɗaure. Aikinsu ɗaya.

Wuta: sola da inbata da batir sun fi komai, don ba su da ƙara. In janareto ne, a kai shi nesa, bayan wata katangar, a jawo doguwar waya. Idan ka ji wani gurnani siriri a hedifon wanda ba ya yankewa, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga wutar ne, sai ku ɗauki murya da batirin laftof kawai, ku mayar da caja lokacin gyara.

Ɗaki: ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin bulo da siminti daɗin murya, domin siminti da tayil suna dawo da sauti. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, ɗakin yana buƙatar sutura: jingina katifa a bango bayan mawaƙi, rataya bargo mai kauri a gefe da gefe, shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, abin da yake ragewa kaɗan ne. Kada ka kashe kuɗinka a kansa.

Mawaƙi kuma ya zo da littafin baitocinsa, da biro, da ruwan sha marar sanyi, da filashi ko memori nasa na kansa.

Mataki na 1: Kama amshin kafin ya gudu

Da zarar layin ya zo, ɗauke shi a waya da karinsa, kana tafa cinya ko kana buga bayan kwano. Rubutu kaɗai ba ya riƙe kari. Gobe za ka ga kalmomin a takarda, amma yadda ka rera su ya tafi.

Bari mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe. A ce amshin da ya zo maka shi ne:

Ɗan ci-rani dawo gida,
Hadari ya haɗo gabas.

Ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka rera wa wani a gida sau biyu, ƙanwarka ko abokinka, ka ce ya maimaita. In ya iya ba tare da ya tambaye ka ba, amshi ya zaunu. In ya yi tuntuɓe a wani wuri, wurin nan ne za ka gyara, ba kunnensa ba. Kada ka biya kuɗin situdiyo da amshin da bai ci wannan jarrabawa ba, domin babu kiɗan da zai cece shi.

Mataki na 2: Auna baitoci a kan amshin

Ƙirga gaɓoɓin amshinka da yatsa. A misalinmu kowane layi gaɓa 8 ne. To baitoci ma su tsaya kusa da haka, 7 zuwa 9. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya rubuta magana mai kyau amma doguwa, kamar "Mahaifiyarka tana ta tambayar labarinka kullum". Wannan gaɓa 17 ce. A gaban makirfo dole ya haɗiye rabinta kafin kiɗa ya wuce shi. Sassaƙe ta: "Inna na cigiyarka yau." Gaɓa 8, kuma ta fi taɓa zuciya. Layin da zai biyo, "Gonarku na jiran garma", shi ma 8.

Bayan ƙirga, duba inda za ka ja murya. Ana jan dogon wasali ne, ba gajere ba. A kalmar "gida", gaɓar ƙarshe ce mai tsawo, ita za ka ja. In ka ja ta farko, kunnen Bahaushe zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba. Haka hawa da saukar murya: faɗi layin da baki kamar kana yi wa mutum magana, ka lura da inda muryarka ta hau. Wanda yake ce wa ɗansa "dawo", daga ƙasa yake farawa ya hau. Karin waƙar ya bi wannan hanya. Idan karin ya yi gaba da karin harshe a kalmomi da yawa, za a ji daɗin sautin amma ba za a gane abin da kake faɗa ba.

Rubuta baiti biyar ko shida, ka shiga situdiyo da niyyar amfani da uku ko huɗu. In waƙar biki ce ko ta wani mai gida, karɓi sunaye da laƙabi da sarauta a rubuce daga hannun masu abin, ka karanta musu su tabbatar. Sunan uwar amarya da aka faɗa ba daidai ba yana sa a dawo da waƙa gaba ɗaya.

Mataki na 3: Zaman farko da mai kiɗa

Kafin a kunna komai ku gama maganar kuɗi: nawa ne kiɗa, nawa ne ɗaukar murya da miksin, wato daidaita murya da kiɗa, gyara sau nawa ke cikin kuɗin, kuma kiɗan naka ne kai kaɗai ko yana da damar sayar wa wani. A yi a gaban shaida, ko a rubuta a saƙon waya.

Sannan ka rera masa amshi da baiti ɗaya da baki, babu kiɗa. A nan ne da yawa suke sakin hanya. Mai kiɗa yana da tarin kiɗan da ya riga ya buga, zai ce "Malam, ji wannan, zai hau da waƙarka." Wani lokaci yana hawa. Amma galibi kai ne za ka koma kana matse kalmominka don su shiga ramin da ba nasu ba, ka fito da waƙa mai kama da ta mutum goma. Ka ce masa cikin ladabi a fara daga muryarka.

Abu biyu za ku tsayar.

Na farko gudu. Kana rerawa kana tafi, shi kuma yana danna wurin auna gudu a manhaja daidai da tafinka, lamba za ta fito, wato yawan bugu a minti ɗaya. Waƙar natsuwa takan faɗa wajen 85 zuwa 100, ta rawa 110 zuwa sama. Gwada lambar da ta fito, sannan ka gwada ƙari 4 da ragi 4. Ka auna da layin da ya fi kowanne cunkoson kalmomi: gudun da wannan layin ya fita sarai, kana kuma samun wurin numfashi, shi ne naka. Ku kuma tantance ko tafiyar waƙar huɗu-huɗu ce ko uku-uku. Kiɗan kalangu da na gaɗa da yawa uku-uku suke tafiya, abin da manhaja take rubutawa 6/8. Idan aka ɗora irin wannan amshi a kan awon huɗu-huɗu, zai yi ta ɗingishi, ku rasa dalili.

Na biyu ki, wato matsayin da murya za ta zauna. Nemo wurin da ya fi tsayi a amshin, ka rera shi da cikakkiyar murya. In jijiyar wuyanka ta tashi, a sauko da rabin mataki ko mataki ɗaya. Sannan ka duba wuri mafi ƙasa a baiti, kada ya zama gunaguni. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke yawo, don haka ga dabara mai sauƙi: mai kiɗa ya nemi karin a kan baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai, su ma biyar ne a kowane zagaye, sannan ya yi amfani da maɓallin Transpose ya ɗaga ko ya sauke har ya dace da muryarka. In waƙar ta mace da namiji ce, a tsayar da ki da su biyun a ɗaki. Kin da aka yanka wa namiji shi kaɗai yakan sa mace ko dai ta yi ƙara ko ta nutse. In kuma za a sa sarewa ta gaske, daga ita za a ɗauki ki, domin ita ba a sake mata ɗauri.

Mataki na 4: Muryar gwaji

A kunna ƙwanƙwasar awo, wato ɗan bugun da manhaja take yi don riƙe gudu, da ganga mai sauƙi, ka rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya. Ba a neman kyau a nan. Wannan muryar ita ce mai kiɗa zai riƙa ji yana gini, daga baya a goge ta.

Mataki na 5: Tsara gidajen waƙa

A allon manhaja, kowane bugu huɗu gida ɗaya ne. A gudun 100, gida ɗaya daƙiƙa 2.4 ne, gida 8 kuwa ya ɗan haura daƙiƙa 19. Da wannan lissafi za ka san tsawon waƙarka tun kafin a gama. Tsarin da ya fi zama lafiya ga mai farawa: buɗewa gida 4, amshi gida 8, baiti gida 8 ko 16, amshi, baiti na biyu, amshi, ɗan filin kiɗa gida 4 ko 8, baiti na uku, amshi sau biyu, rufewa.

Kada buɗewa ta yi tsawo. Mai tura waƙoƙi a kasuwa daƙiƙa kaɗan yake kunna wa mai saye kafin ya tsallaka zuwa ta gaba, haka ma mai latsa waya. Amshi ya shigo kafin daƙiƙa 15. Jerin gaisuwa da kiran sunan situdiyo a kai su filin kiɗa na tsakiya ko ƙarshe. Waƙar biki tana iya kai minti bakwai saboda sunaye, amma wadda kake so ta yi yawo a waya, minti huɗu zuwa biyar ya isa.

Yanzu saurari muryar gwajin da idon basira. Baitin da bai ƙara komai a kan na gabansa ba, cire shi. A waƙar ɗan ci-rani, in baiti na farko Inna ce da gona, na biyu ya zama wahalar birni, kwana a shago da tura baro, na uku kuma ranar dawowa. Kowanne ya matsar da labarin gaba.

Mataki na 6: Gina kiɗa

A fara da ganga, sai bes mai kaurin sauti, sai fiyano mai riƙe ki, sannan kayan ado irin su sarewa da goge da jita. Bayan kowane ƙari a kunna muryar gwaji a ji ko har yanzu kalmomi suna fita.

Ƙa'idar ado ita ce amsawa, ba rakiya ba. Mawaƙi ya ce "dawo gida", ya yi shiru, sarewa ta amsa a cikin shirun. In sarewa tana bin sa a kan kowace kalma, su biyun za su cinye juna. Kalangu ma haka, domin muryarsa tana zaune ne kusa da inda muryar namiji take. A sassauta shi a cikin baiti, a sake shi a amshi da filin kiɗa. A kuma bar wani abu a ajiye: kayan da ba su shigo a baiti ba su shigo a amshi, don mai sauraro ya ji waƙar ta buɗe.

In akwai makaɗin kalangu a garinku, ku kira shi. Abin da hannunsa da hammatarsa za su yi, na cikin kwamfuta ba zai yi ba. A sa makirfo kamar taki biyu daga fatar, ɗan gefe kaɗan, ba saitin inda sandar kiɗa take sauka ba. Da damina fata takan saki, a ɗan shanya kalangun a rana kafin a fara. Matsalar da za ku iya haɗuwa da ita: makaɗan gargajiya da yawa ba su saba bin ƙwanƙwasar awo a hedifon ba, sun saba mawaƙi ne yake bin su. Kada a takura wa dattijo. A cire ƙwanƙwasar, a ba shi ganga da muryar gwaji kawai, ya buga waƙar sau biyu. Daga ciki a zaɓi gida 8 da suka fi zama daidai a maimaita su, a kuma yanko kirarin da ya yi da kalangun a sa a wuraren da murya ta yi shiru. Gurmi ko garaya kuwa a ɗaure tsarkiyarsu da fiyano kafin kowace ɗauka, don suna saki da zafin ɗaki.

Mataki na 7: Ɗora murya

Wannan shi ne matakin da waƙa take tashi ko ta faɗi, don haka kada a yi shi a ƙarshen doguwar rana, kowa ya gaji. A ware masa zamansa.

Zaɓi lokaci da kunnenka. Da asuba zakaru, da hantsi injin niƙa da markaɗe, ranar kasuwa babura. Bayan sallar isha gari yakan lafa. In kusa da masallaci kuke, ku san lokutan kiran salla ku tsaya, ku je ku yi, ku dawo. Da damina, in rufin kwano ne, ko yayyafi ake yi a haƙura. A kashe fanka lokacin ɗauka, a kunna tsakanin ɗauka da ɗauka. Wayoyi a kashe su ko a fitar da su, domin shigowar kira yana sa makirfo ƙara. Da hunturu maƙogwaro yana bushewa, ka riƙa kurɓar ruwan ɗumi, ka bar ruwan ƙanƙara. Kada ka shiga da cikin da ya cika da tuwo, numfashi ba zai yi tsawo ba. Da azumi, bayan tarawihi ya fi.

Saitin ingancin sauti a kwamfuta: 44.1 kHz da bit 24, ko 48 kHz in waƙar ta fim ce ko za a yi mata bidiyo. A sa bafa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti a kwamfuta, a 128 ko 256 lokacin ɗauka. In aka bar ta a 1024, mawaƙi zai ji muryarsa tana dawo masa a makare, ya yi ta jan ƙafa a bayan kiɗa. Idan kwamfutar ba za ta iya ƙaramar bafa ba, a danna maɓallin da ke sa a ji murya kai tsaye daga saunkad.

Tsaya taki ɗaya daga makirfo, yadin tare iska a tsakani. Makirfon kondensa yana da gaba da baya, gaban shi ne inda tambarin kamfani yake. In murya ta fito kamar daga ɗaki na gaba, duba wannan tukuna. Haruffan b da f suna harba iska, musamman yadda muke furta f da leɓɓa biyu, don haka ka ɗan kautar da baki kaɗan zuwa gefen makirfon. Inda za ka ɗaga murya, ja kanka baya kamar faɗin yatsu huɗu. Inda za ka yi ƙasa-ƙasa, matso.

Rera wurin da ya fi ƙarfi, mai kiɗa ya murɗa ƙarfin shiga har ma'aunin ƙarfin sauti, wanda ake ƙirgawa da dB, ya tsaya tsakanin -12 da -6. In ya taɓa ja, muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta ɗinke ta yadda take. Gara ta shiga da rauni a ɗaga daga baya.

A hedifon, kiɗa kada ya fi murya. In kiɗa ya yi yawa za ka yi ihu ba ka sani ba, in murya ta yi yawa za ka noƙe. Wanda yake zamewa daga ki ya cire kunne ɗaya, amma ya danne wanda ya cire a jikin kansa, kada kiɗa ya zubo cikin makirfo.

Ɗauki kowane baiti cikakke sau uku, a layuka daban. Sannan ku zauna ku zaɓa: layin farko daga ɗauka ta biyu, na gaba daga ta uku, haka. A yanka a wurin numfashi, ba a tsakiyar kalma ba. Ni dai ban yarda da ɗaukar layi-layi tun daga farko ba, domin waƙar takan fito tsaf amma babu rai, kowane layi da nasa zafin. A bar gyaran layi ɗaya ga wurin da duka ukun suka kasa. In an maimaita wuri ɗaya har sau bakwai bai fita ba, matsalar ba murya ba ce, rubutun ne. Rage gaɓa ko sauya kalma.

Ka kula da ƙarshen kalmomi. Mawaƙa sababbi suna fara layi da ƙarfi su bar gaɓar ƙarshe ta mutu, alhali nan amsa-amon yake. "Gabas" ta fita da s ɗinta. Mai kiɗa kuma ya danna ajiya bayan kowace ɗauka mai kyau. Wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Mataki na 8: Amshi da ninki

'Yan amshi biyu ko uku su tsaya rabin da'ira a gaban makirfo ɗaya, nisan kamu ɗaya zuwa biyu. Mai babbar murya ya ja baya taku ɗaya. A ɗauke su sau biyu, a tura ɗauka ɗaya hagu ɗaya dama, amshin zai yi faɗi. Abin da za a matsa musu a kai shi ne su fara tare su ajiye tare. Mutum ɗaya da ya ja "gida" fiye da saura ya isa ya ɓata amshin.

In babu 'yan amshi, mawaƙi ya rera amshin sau uku da kansa: ɗaya a tsakiya, biyu a gefe an rage musu ƙarfi. Sai an sake rerawa da gaske. Kwafe ɗauka ɗaya a liƙa sau uku ƙara kawai yake ƙarawa, ba ya kawo kauri.

Mataki na 9: Miksin

Kada a yi shi a ranar da aka ɗauki murya, kunne ya riga ya gaji. Washegari a mayar da bafa 1024, a sauke komai ƙasa, a ɗaga murya ita kaɗai, sannan a shigo da ganga, bes, da saura ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinta.

A muryar namiji a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz (awon kaurin sauti ko sirantarsa), a ta mace har 120, nan gurnanin janareto da takun ƙafa suke. In murya tana yi kamar daga cikin akwati, a rage kaɗan tsakanin 250 da 400 Hz. In kalmomi ba sa fita, a ɗan ƙara tsakanin 3 da 5 kHz, ko ma a rage fiyano a daidai wurin, wanda ya fi. In s da sh da ts suna soke kunne, a lallashe su wajen 6 zuwa 8 kHz. Kwamfuresa, mai danne wuraren da murya ta yi ƙarfi, a sa shi 3:1, yana danne abin da bai wuce dB 3 zuwa 6 ba, don ƙananan kalmomi su taso su tarar da manya.

Auto-Tune, mai gyara muryar da ta zame daga ki, sai an gaya masa ainihin kin waƙar. In aka ba shi wanda ba shi ba, zai riƙa fizgar murya zuwa inda ba ta nufa ba. Saurin gyara a sifili shi ke ba da muryar ƙarfen nan da aka saba ji a waƙoƙin fim. In ita kake so, to. In kana so a ji muryarka ta Allah da ɗan gyara, a sa shi wajen 20 zuwa 40. A waƙa irin ta ɗan ci-rani, mai kewa da lanƙwasar murya, saurin gyara yana goge lanƙwasar da ita ce daɗin abin.

Eko, wato amsa-kuwwar da ake sa wa murya, shi ne jarabar ƙananan situdiyo. Ɗaga shi har ka ji shi sarai, sannan ka rage rabi. Ka tuna a filin biki lasifika da katangu za su ƙara nasu.

A ƙarshe a sa limita, mai hana sauti wuce iyaka, a kan duka waƙar, rufinta a -1 dB. Kada a matse ta don ta fi ta kowa ƙara, ganga za ta mutu, murya ta yi kaushi.

Mataki na 10: Fitar da ita waje

Sifikun situdiyo ba su ne masu saurarenka za su yi amfani da su ba. Tura waƙar a waya ka ji ta a sifikar wayar, da ƙaramar rediyo mai cin memori, da sifikar Bluetooth, da babbar lasifikar mai DJ in za ka samu. Sifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, don haka in waƙar ta zama fanko a can, a ƙara wa bes ɗin ɗan kaushi ta sama yadda za a ji motsinsa. Yawancin waɗannan na'urori baki ɗaya gare su, sai a haɗe hagu da dama a manhaja a tabbatar amshi bai ɓace ba.

Sai gwaji mafi muhimmanci. Rage ƙara sosai, ka ba wanda bai taɓa jin waƙar ba, ka ce ya faɗa maka abin da baiti na biyu ya ce. Kalmar da bai kama ba, rubuta ta. Tara duk gyare-gyaren a takarda ɗaya ka kai wa mai kiɗa sau ɗaya, da minti da daƙiƙar kowane wuri, maimakon ka yi ta kiransa kullum da sabon abu.

Kafin ka bar situdiyo karɓi abubuwa huɗu a filashinka: waƙar a WAV, wadda minti biyar takan kai wajen MB 50 a bit 16 ko MB 80 a bit 24, ita ce uwa, daga ita ake cire saura. MP3 mai 320 kbps, kusan MB 12, don Audiomack da YouTube da gidan rediyo. MP3 mai 128 kbps, kusan MB 5, don WhatsApp da masu tura waƙa a kasuwa, inda data take da tsada. Sai kiɗan zalla babu murya, don ranar da za ka rera a taro. A rubuta sunanka da sunan waƙar a jikin fayil ɗin, kada ta fita da suna irin "waƙa sabuwa 2". In mai kiɗa ya yarda, karɓi layukan murya da na kiɗa daban-daban, ka ajiye kwafi a wuri na biyu, domin laftof tana mutuwa kuma ana sace ta. Wanda yake Jihar Kano kuma ya sani Hukumar Tace Fina-finai tana da hurumi a kan waƙoƙi, ya nemi ƙa'idarta ta rajista da tantancewa kafin ya saki waƙar ga jama'a.